Takardar shaidar shekaru: shin wajibi ne matashi ya riƙa yawo da ita?

Ya kai mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane da ya kai munzalin tafiya cin rani, ko ɗiya da aka fara zuwa zance wurinta, wannan bayani ya shafe ka kai tsaye. Tambayar da ake yi ita ce ko ya kamata saurayi da budurwa su riƙa ɗaukar wata takarda da za ta nuna shekarunsu duk inda za su. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana wannan muhawara, amma galibi a kan sayen giya da taba ne. Tun daga dokar 1984 Amurka ta tsayar da shekara 21 a matsayin shekarun sayen giya, a watan Disamba 2019 kuma ta kai na taba ga shekara 21 ɗin. Ingila ta ɗaga shekarun sayen taba daga 16 zuwa 18 a 2007. A can mai kanti yakan dubi fuskar yaro, in ya yi shakka ya ce a nuna masa kati. A gundumomin Madawa, Buza da Keita lamarin ya wuce na kanti. Abin da ke rataye a kan takardar shi ne jarrabawa, da aure, da hukuncin kotu, da ƙetare iyaka.

Sai an mallaka ake ɗauka

Kafin a yi gardama a kan ɗaukar takarda, a fara tambaya ko akwai ta. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2006 ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. A binciken 2012 adadin ya haura zuwa kashi 64. Ci gaba ne babba, amma ka lura da abu guda: yaran da aka ƙirga a 2006 su ne samari da ƴan matan yau. Ke nan cikin uku, biyu sun fara rayuwa ba tare da sunansu ya shiga littafin hukuma ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 500,000 a gundumar Madawa, sama da 400,000 a Buza, sama da 300,000 a Keita, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne, inda aka fi ƙarancin rajista.

Ba sakaci kaɗai ya jawo haka ba. A zamanin mulkin Faransa, shiga littafin hukuma na nufin haraji, da aikin dole wanda sai a 1946 aka soke shi, da ɗaukar yaro a kai shi makarantar boko ba da son iyayensa ba. Kakanni sun koyi ɓoye ƴaƴa idan mai ƙidaya ya shigo gari, kuma wannan ɗari-ɗari bai gushe da samun ƴancin kai ba. Ga kuma nisa. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, magidanci daga wani ƙauyen Tamaske ko Karofan sai ya ɓata yini guda ko biyu kafin ya ga jami'in da zai rubuta masa haihuwa, alhali ana tsakiyar noma. A wurinsa shaidar haihuwa ita ce ranar suna: an yanka rago, liman ya yi addu'a, gari ya shaida.

Shi ya sa takardun manya da yawa ke ɗauke da kalmomin Faransanci masu ma'anar "an haife shi wajajen shekara kaza", kuma idan ana bukatar rana sai a sa 1 ga Janairu. Ba talaka kaɗai ba ne. Ranar haihuwar da aka rubuta wa tsohon shugaban ƙasa Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji a gundumar Illela, ita ce 1 ga Janairu 1952.

Inda rashin takarda ke cizo

A fara da kotu, domin nan ne kuskure ya fi tsada. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa alhakin laifi. Daga 13 zuwa 18 kuwa alƙalin yara ne ke duba shari'arsa, bisa dokar 20 ga Nuwamba 2014, kuma hukuncinsa ya fi na babba sauƙi. To, ka ɗauki yaro ɗan shekara 16 wanda ya girma yana haƙar rijiya da ɗaukar buhun albasa a fadamar Tarka. Ƙirjinsa ya buɗe, muryarsa ta fashe. In aka kama shi cikin wata rigima, babu takarda, me zai hana a rubuta shi ɗan shekara 20? Daga wannan rubutu guda sai a tsare shi tare da manyan masu laifi. Iyaye za su iya rantsuwa, amma rantsuwar tana zuwa ne bayan an riga an buɗe fayil.

Sai aure. Binciken 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Kundin dokar farar hula ya sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, ko da yake mafi yawan aure a ƙasar Adar bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, ba a gaban jami'in hukuma ba. Ko mene ne ra'ayinka game da shekarun da suka dace, akwai abin da ba a musu a kansa: idan shugaban makaranta ko ungozoma ko wani kawu ya ce yarinyar nan ta yi ƙanƙanta, wani kuma ya ce ai ta isa, babu mai raba gardamar sai takarda. Inda babu ita, jikin yarinya ake dubawa, jiki kuwa yakan riga hankali da ƙashi girma. Likitocin asibitin Galmi da na sauran manyan asibitoci sun san abin da doguwar naƙuda ke yi wa yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba.

Game da makaranta bayanin gajere ne. Ba a karɓar takardun ɗalibi na jarrabawar BEPC ba tare da shaidar haihuwa ba. Yaro ya yi shekara goma a aji, a wayi gari takarda guda ta tsayar da shi.

Zaɓe ma haka. Gab da zaɓen 21 ga Fabrairu 2016 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi da ke cikin rajista amma ba su da takardar shaida, har aka yarda su jefa ƙuri'a idan mutum biyu suka shaide su. Ƴan adawa suka ce wannan ƙofar maguɗi ce, domin shaidu na iya mai da ɗan shekara 15 ɗan 18. Kafin zaɓen 27 ga Disamba 2020, wanda aka yi wa rajistar zamani mai hoto da zanen yatsa ta mutum kusan miliyan 7.4, sai da aka bi ƙauyuka da kotun tafi-da-gidanka ana ba mutane takardun haihuwa.

Ɗan cin rani

Wanda ya fi kowa bukatar kati a aljihu shi ne matafiyi, kuma jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya. Da an gama girbi, samarin Keita, Ibohaman, Garhanga da Buza sai su kama hanyar Abijan, Legas, Kano, ko su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Iyayensu ba su manta da korar baƙi da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a Janairu 1983 ba, ko katin zaman baƙi da Kwaddibuwa ta ƙirƙiro a 1990, wanda sai a 2007 aka ɗauke wa ƴan Afirka ta Yamma. A kowane karo marar takarda ne ya fara shan wuya. Waɗanda Aljeriya ke korowa zuwa Asamaka, idan akwai yara cikinsu, kulawar da ake ba yaro daban take da ta babba, kuma rarrabewar da shekaru ake yin ta.

Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, bai kamata saurayi ya dogara da cewa ai Illela da Ƙwanni gari ɗaya ne, ko Bangi da Sabon Birni dangi ne ba. Dangi ne, amma jami'in da ke kan shinge takarda yake karantawa. A Nijeriya kuma, tun Disamba 2020 aka ɗaure layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ko a gida, sayen layin waya da karɓar kuɗin da wani ya aiko daga waje duk da kati ake yin su. Matar ɗan cin rani da ba ta da kati sai ta nemi wani namiji ya karɓo mata kuɗin mijinta, kuma ba kullum suke isowa cif ba.

Abin da masu shakka ke faɗa

Akwai masu ganin cewa tilasta wa matasa yawo da kati buɗe ƙofar cin zali ne, kuma maganarsu tana da tushe. A Afirka ta Kudu dokar fasi ta wajabta wa baƙar fata ɗaukar littafin shaida. Zanga-zangar ƙin ta ce ta kai ga kashe mutum 69 a Shafbil ranar 21 ga Maris 1960, kuma ba a soke ta ba sai 1986. Ingila ta kafa dokar katin ɗan ƙasa a 2006, ta soke ta a 2010. A nan kusa, duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ga yadda ake sauke marar kati a shinge, motar ta tsaya jiransa, ya dawo aljihunsa ya ragu. Idan aka tsananta tambayar kati alhali biyu cikin uku ba a yi musu rajista ba, ɗan talakan ƙauye ne zai riƙa biya, ɗan ma'aikaci ya wuce.

Ra'ayina shi ne a bambanta abu biyu. Matashi ya mallaki shaida, ya ɗauke ta idan zai yi tafiya, wannan kariya ce gare shi kuma ina goyon bayanta ba tare da wani sharaɗi ba. Amma hukunta wanda bai da ita bai dace ba sai hukuma ta kawo takardar kusa da shi, a farashin da zai iya. A 2025 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Libiya don yin fasfo da katin ɗan ƙasa na zamani. Kati mai zanen yatsa ya fi na takarda wuyar jabu, sai dai shekarun da za a buga a kansa daga takardar haihuwa za a kwafo su. In tushen ƙarya ne, na'ura za ta adana ƙaryar ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga rage shekaru, al'adar da kowa ya sani. Uba ya je neman hukuncin kotu, sai ya zaftare wa yaro shekara biyu ko uku don kada a ce ya girmi aji, ko don ya samu shiga aikin soja nan gaba. Masu wasan ƙwallo sun ga ƙarshen wannan dabara: a 2016 na'urar hoton ƙashi ta fitar da ƴan wasa 26 daga tawagar Nijeriya ta ƴan ƙasa da shekara 17, gab da karawarta da Nijar. Nijar ta fitar da su, har ta kai gasar duniya a Indiya a 2017. Shekarun da ka rage wa yaro yau za su bi shi har ranar ritaya, kuma idan takardar makaranta da ta asibiti suka saɓa wa ta kotu, gyaran ya fi neman sabuwa wahala.

Yadda za ka yi

Dokar 1 ga Yuli 2019, wadda ta maye gurbin ta 3 ga Disamba 2007, ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Ana yin ta a asibitin da aka haihu, ko a wurin da aka keɓe a ƙauye, galibi gidan maigari. Amma bayyanawa ba ita ce takardar ba. Sai ka bi sawu zuwa ofishin ƙaramar hukuma ka karɓo. Takardu da yawa suna can jibge ba wanda ya zo ɗauka.

Idan wa'adin ya wuce, kamar yadda yake ga mafi yawan matasa, sai an je kotun gunduma da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tabbatar da haihuwar. In ka ji sanarwar kotun tafi-da-gidanka za ta zo garinku, kada ka bari ta wuce. Ka tafi da duk abin da zai taimaka a gano shekarar gaskiya: katin awo ko na rigakafi, rajistar makaranta, ko abin da dattawa suka tuna. Yaron da aka haifa a shekarar farar ɗango ta 2004, ko cikin yunwar 2005, ko ana goyonsa lokacin juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, ba a rasa sanin shekarunsa.

Kafin ka bar ofishin, ka sa wanda ya iya karatu ya karanta maka takardar da ƙarfi. A duba sunan yaro, da na uba, da na uwa, da sunan gari. Harafi ɗaya tsakanin yadda aka rubuta suna a takardar haihuwa da yadda aka rubuta shi a makaranta ya isa ya hana ɗalibi shaidar jarrabawarsa. Duk kuɗin da ka biya ka nemi rasit.

Takardar haihuwa ta asali ba ta yawo. A sa ta cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Katin ɗan ƙasa shi ne na aljihu, tare da kwafin takardar haihuwa da hukuma ta buga wa hatimi. Mai waya ya ɗauki hotonsu gaba da baya, ya tura wa wani ɗan'uwa da ke gida. Kada saurayi ya ba uban gida ko direba katinsa jingina, ko da an ce za a mayar masa idan an isa. Ɗiya mace kuma, idan za a kai ta ɗakin miji, a sa takardarta cikin kayanta, a bar kwafi a hannun mahaifiyarta.