Kaskon Gawayi da Karatun Jimlar Sinadarai

A hunturun bara, wasu ɗalibai uku 'yan ajin ƙarshe na sakandare a unguwarmu, Unguwar Kanawa ta Kaduna, sun riƙa zuwa wurina bayan sallar isha'i domin bitar kimiyyar sinadarai kafin jarrabawar WAEC. Wani dare muna zaune a ƙofar gida, na rubuta C + O₂ → CO₂ a allo, na ce wani ya karanta. Ɗaya ya jero haruffan da Turanci babu gargada. Da na tambaye shi abin da layin yake faɗa, sai ya yi shiru, alhali ga kaskon gawayi a gabanmu muna jin ɗumi, kuma abin da layin ke bayyanawa yana faruwa a cikinsa. Ban ga laifin yaron ba. Yadda aka koyar da ni haka aka koyar da shi: a haddace, a juye a takardar jarrabawa, a manta.

Ra'ayina shi ne, wannan layi jimla ce mai ma'ana kamar kowace jimla, kuma wajibi ne malami ya fara karanta wa ɗalibi ita da Hausa kafin ya nemi ya rubuta ta da Turanci.

Ga yadda karatun yake. Abin da ke hagun kibiya shi ne kayan da aka fara da su, na dama kuwa abin da aka samu. Harafin C yana nufin kabon, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi. Harafin O oksijin ne, kimanin kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Ƙaramar lambar 2 da ke gindinsa tana nuna ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna. Alamar tarawa tana cewa "ya haɗu da", kibiya kuma "sai suka zama". Saboda haka jimlar tana cewa kabon ya haɗu da oksijin, sai suka zama iskar kabon dayoksaid. Zafin da muke ji a jikinmu yana fitowa ne daga wannan haɗuwa.

Akwai ƙa'ida guda da ke riƙe da kowace jimla irin wannan, wadda Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya bayyana a littafinsa na 1789: a sauyin sinadarai babu abin da ke ɓacewa, babu kuma abin da ke fitowa daga babu. Ƙwayoyin zarra abokan zama kawai suke sauyawa. Giram 12 na kabon da giram 32 na oksijin suna ba da giram 44 na kabon dayoksaid. Gawayin da muke cewa ya cinye, iska ya bi. Wannan ne dalilin da ya sa dole adadin kowace zarra a hagu ya yi daidai da na dama, abin da ɗalibai ke ɗauka wasan lambobi ne da malami ya ƙirƙiro don ya wahalar da su.

To, mai karatu ya dubi jimla ta biyu: 2C + O₂ → 2CO. Babbar lambar da ke gaban harafi tana faɗin yawa ne. Oksijin yana nan yadda yake, amma kabon ya ninku, don haka kowace zarrar kabon guda ɗaya tak ta samu maimakon biyu. Wannan shi ne ƙonewar gawayi inda iska ta yi ƙaranci, kamar ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Abin da ke fitowa kabon monoksaid ne, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yakan zarce bai farka ba. Ita ce kuma ke cikin hayaƙin janaretan da ake tayarwa a zaure ko a lungun ɗaki. Ɗalibin da ya iya karanta bambancin CO da CO₂ ba zai bar mahaifiyarsa ta kwana da kasko a ɗaki ba.

Za a ce ai jarrabawa da Turanci ake yin ta, alamomin ma na Turanci ne. Magana ta farko gaskiya ce, ta biyu kuwa kuskure. Masanin Suwidin Berzelius ne ya tsara alamomin a farkon ƙarni na 19, kuma daga sunayen Latin ya ciro su. Na, alamar sodiyam, daga natrium take, sunan da ya samo asali daga natron, wato dangin kanwar da iyayenmu ke jefawa a tukunyar wake. Ɗalibin Japan da na Masar suna rubuta alamomin nan, kowa yana karantawa da harshensa. A gida Nijeriya ma, gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci, ya nuna koyo da harshen uwa bai hana yara iya Turanci ba. Wanda ya gane magana da harshensa, sauya mata riga ba ya yi masa wuya.

Matsalar gaske ita ce ta kalmomi. Ni kaina "jimlar sinadarai" na ce a nan, wani zai ce "lissafin sinadarai", kuma rashin matsaya yana rikita ɗalibi. Wannan aikin sassan Hausa ne da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Jihar Kaduna: su zauna tare su tsayar da kalmomi, su fitar da ƙaramin littafi ga malaman sakandare. Kafin nan, malami ba ya bukatar izinin kowa ya ɗauki minti biyar a aji ya ce wa ɗalibi, "Faɗa mini da Hausa, me ya haɗu da me, me kuma aka samu?"