Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Aya da Al'ada a Majami'unmu

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Amma a majami'u da yawa na ƙasarmu, daga Agiye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, matambayi shi ne wanda ake yi wa kallon ɓatacce. Saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, wannan dokar a wace aya take?" sai a ce masa haka muka tarar, kuma yaro ba ya ja da dattawan ikkilisiya. Ina so in nuna a nan cewa wannan amsa ta saɓa wa Littafin da muke riƙe da shi, kuma maganinta karatu ne.

Mu fara da tarihi, don mu san inda muka samo abin da muka tarar. Mishan ɗin SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta kafa zango a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga wannan aiki aka samu ikkilisiyar EERN a farkon zamanin mulkin kai, aka kuma samu makarantar Littafi Mai Tsarki ta nan Agiye, wadda ta yaye masu bishara da fastoci masu yawa. Mutanen da suka zo daga Amurka da Kanada da Ingila sun sha rana, sun yi jinyar kutare a Danja, wasunsu a nan aka binne su. Wanda ya raina wahalarsu bai yi adalci ba. Sai dai sun zo da kaya iri biyu a mangala ɗaya: Bishara a gefe guda, ɗabi'un garinsu a ɗaya gefen. Kakanninmu suka sauke mangalar gaba ɗaya, mu kuma muka gada ba mu tantance ba.

Ga misali na farko, wanda ya shafe ni a matsayin malamin Hausa. An daɗe ana ƙyamar ganga da kalangu da gurmi a wurin sujada, wai kayan bori ne da na maroƙa. Aka ɗauko waƙoƙin Turawa aka zuba musu kalmomin Hausa. To Hausa harshe ne mai karin sauti, mai gaɓa doguwa da gajera. Idan muryar waƙa ta hau inda kalma ta sauka, ma'ana ta jirkice, mai saurare ya ji kamar baƙo ne ke magana. Alhali kuwa Zabura ta 150 ta lissafa ƙaho da molo da ganga da kuge cikin kayan yabo. Yau Zumuntar Mata na buga ganga da tulu a majami'a, kuma rufin bai faɗo ba. Wato dokar da aka tsare shekara da shekaru ba ta da tushe a aya, tun farko ɗanɗanon kunnen wasu ce.

Misali na biyu ya fi zafi, domin ya raba gidaje. Magidanci mai mata biyu ko uku ya karɓi Bishara, aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya saki duka ya bar ɗaya. Ina matan za su nufa? Wa zai ci da ƴaƴansu? Wanda ya buɗe 1 Timoti 3:2 da Titus 1:6 zai ga sharaɗin mace ɗaya an ɗora shi ne a kan mai neman shugabancin ikkilisiya. Ba na kiran Kirista ya ƙara aure, koyarwar Sabon Alkawari a kan aure a fili take. Tambayata ita ce, a ina aka rubuta cewa ƙofar baftisma sai ta bi ta kan sakin matar da ba ta yi laifin kome ba? Cocin Angilika ta kafa irin wannan doka a taron Lambeth na 1888, ta kuma sassauta ta a taron 1988, bayan limaman Afirka sun matsa. Shekara ɗari cur kafin a koma a duba takarda! Mata nawa aka kora a tsakani?

Na uku, bikin aure. Farar rigar amarya ta samu karɓuwa ne bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta a aurenta a 1840. Ba ta cikin Linjila, haka ma zobe da kek da jerin ƴan rakiya masu anko. Amma a ƙauyen da damina ɗaya ke iya barin rumbu wayam, saurayi na jinkirta aure shekara uku don ya tara kuɗin "auren Kirista", ko kuma ya ci bashin da gero biyu ba zai biya ba.

Kada wani ya ɗauka tsofaffin al'adu kaɗai nake nufi. Sababbin sun fi saurin yaɗuwa, domin ta waya da talabijin suke shigowa. Ana sayar da kwalbar man shafawa, ana cewa ka "shuka iri" na jaka goma ka girbe jaka ɗari, ana jingina kome da Malakai 3:10 kamar babu sauran Littafin. Wanda ya karanta 2 Korantiyawa sura 9 ya san bayarwa ta ganin dama ce, ba ta tilas ba. Wanda ya karanta Ayyukan Manzanni sura 8 ya san irin tsawar da Bitrus ya yi wa Siman da ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi. Talakan da bai karanta ba shi ne kasuwar waɗannan mutane.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce mu ƴan kaɗan ne, ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. An ƙona majami'u a Maraɗi a 2000, a Damagaram da Yamai a 2015. Garken da ke tsakiyar daji ba ya son a buɗe masa shinge. Na ji. Amma Yesu da kansa, a Markus sura 7, ya tuhumi malaman zamaninsa da ajiye umarnin Allah don su riƙe al'adar magabata. Littafin Ayyukan Manzanni 17:11 ya yaba wa mutanen Biriya saboda sun auna wa'azin Bulus da Nassi kowace rana. In an auna Bulus, wane fasto ne ya fi ƙarfin a auna shi? A sura 15 kuma manzanni suka zauna suka yi gardama a fili, suka yanke cewa ba za a ɗora wa sauran al'ummai kaciya da dokokin Yahudawa ba. Wannan gardama ita ta buɗe mana ƙofa, mu Hausawa. Matasan da ake hana su tambaya kuwa ba sa daina tambayar, wurin da za a amsa musu suke komawa. Abokan aikina Musulmi sun san wannan fage sarai: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan raya sunna da kashe bidi'a, don mutane su rarrabe addini da abin da aka liƙa masa.

To me za a karanta? Na farko, Littafi Mai Tsarki da kansa, littafi bayan littafi, ba ayar da aka tsinto ranar Lahadi kaɗai ba. Muna da fassarar Hausa ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa babban aiki, da ta 1979. A ajiye su gefe da gefe, a ƙara da ta Faransanci ta Louis Segond. Mai karatu zai ga wancan ya ce Kristi, wannan ya ce Almasihu, daga nan ya gane cewa fassara ma zaɓi ce ta mutane.

Na biyu, littattafan da suka yi fama da irin tambayarmu. Confessions na Agustin, ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a ƙasar Aljeriya ta yau, yana koya wa mutum ya binciki zuciyarsa kafin ta wani. Jean-Marc Ela, limamin Katolika ɗan Kamaru, ya fitar da Le Cri de l'homme africain a 1980 da Ma foi d'Africain a 1985, bayan ya zauna da manoman arewacin ƙasarsa, masu fama da fari irin namu. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya yi gargaɗi a Theological Pitfalls in Africa (1975) cewa kada sunan al'adar Afirka ya sa a narkar da Bishara. A karanta shi tare da Ela, domin suna jan igiya ɗaya ta baki biyu. Lamin Sanneh ɗan Gambiya ya nuna a Translating the Message (1989) cewa fassara Littafi zuwa harshen mutane ita ta ba su makamin ja da mishan. Sai kuma littafin Barbara Cooper, Evangelical Christians in the Muslim Sahel (2006), wanda tarihin Tsibiri da Maraɗi ne, tarihin iyayenmu, amma da Turanci yake, yawancin jikokinsu ba sa iya buɗe shi.

Nan ne aiki ya faɗo kanmu, malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Mu ne muka iya Faransanci da Hausa, wasunmu da Turanci. Kowace ƙungiya ta ɗauki babi ɗaya ta taƙaita shi da Hausa mai daɗin ji, a karanta wa waɗanda ba su shiga lakwal ba. Kowace majami'a ta ware akwati ɗaya na littattafai, ko da guda goma ne. Masu koyar da fastoci su saba wa ɗalibansu da kasa kowace doka kashi uku: abin da Nassi ya umarta, abin da ya hana, da abin da ya bar wa hankali da zamani. Al'adar da ta faɗa kashi na uku, in tana da amfani a riƙe ta, amma a kira ta da sunanta na al'ada, kada a hana wani jibin Ubangiji saboda ita.

Dattawanmu, a yi haƙuri da mu. Yaron da ya tambaye ku aya ya nuna ya yarda cewa Littafin yana da amsa, kuma ku ne kuka koya masa haka. Ku buɗe masa shafin, ku karanta tare. Allah ya ba mu kunnen ji da idon karatu.