ZAMAN TARE: Mai aro ba ya maidowa

A ƙauye ba a ƙin mutum don talauci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke sa a guji mutum shi ne ya ci bashi ya yi shiru.

Kowane gari yana da irin wannan mutum. Da damana rumbunsa ya ƙare, sai ya je wurin maƙwabci ya ari hatsi tiya 10, ya ce sai kaka. Kaka ta zo, ya ɗaure damma, ya kai kasuwa ya sayar. In ya hango mai bashi, sai ya sake hanya. In ya ari hauya, sai an aika yaro ya karɓo ta, ƙota a karye. Ranar gayyar wani, ciwon baya ya kama shi. Ranar tasa gayyar, shi ne mai bin gida gida.

Mutane ba su faɗa da shi. Suna dai riƙewa a zuci. Ran da zazzaɓi ya kama ɗansa cikin dare, ya nemi amalanke da jikka 2 na magani, kowa sai ya yi nauyin tashi. In an taimaka, don yaron aka yi.

Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci yana da dabara. Ya rubuta abin da ya ara cikin littafi, da ranar biya. In biya ya gagara, ya tafi da ƙafarsa ya ba da haƙuri tun ba a tambaye shi ba. Mai yin haka, ko baɗi ya koma, za a buɗe masa rumbu.