Wane mai ne 1,8?

Ƴan uwa ɗalibai, bara a ajinmu na lise an ba mu wani aiki da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Malamin lissafi ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce mu shiga gari mu tambayi mutane wane mai suka fi so a girki: man gujiya, man jarka da ake shigowa da shi daga waje, ko man shanu. In mun dawo mu zuba amsoshin cikin kalkilatiris, irin babbar nan mai zana hoto, ta fitar mana da ƙididdiga. Aikin na yaba da shi, don ranar ce lissafi ya fara sauka daga tablo ya shiga kasuwa. Abin da na ƙi shi ne yadda na'urar ta haɗiye darasin.

A ajin kaf mutum uku ke da ita, kuma kowa ya san ƴaƴan wane ne. Kuɗinta ya wuce na buhun hatsi. Ni ko a mafarki ba zan tsaya gaban babana in ce ya saya mini ba.

Ga abin da rukunin masu na'ura suka yi. Ba su je ko'ina ba. Sun tsaya ƙofar makaranta, suka tambayi samari ƴan uwanmu, da Faransanci, mutanen da ba su taɓa ɗora tukunya ba. Suka ba man gujiya lamba 1, na jarka 2, na shanu 3, suka danna, na'ura ta ce matsakaici 1,8 ne. Suka rubuta shi da jan biro, har da ja masa layi. Don Allah wane mai ne 1,8? A wane shago ake auna shi? Lambobin nan suna ne kawai aka laƙa wa mai, da sun juya su da wani matsakaici ya fito. Na'ura ba ta san haka ba, ko lambobin takalmi da na waya ka haɗa mata za ta tara ta raba. Suka samu 17 bisa 20.

Mu kuwa kwana biyu muka yi a babbar kasuwar Maradi da kaye da biro, muna bin mata masu cefane da masu tuya. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta koya mini abin da ban samu a aji ba. Na ce, "Inna, wane mai kika fi so?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, so kake tambaya ko saye? Harshena na gujiya yake so, bakin zanena na jarka ya sani." Nan muka gane tambayar da muka fito da ita gurguwa ce. Muka raba ta biyu, muka sake daga farko. Zanenmu da rula muka yi shi bisa takarda mai gida-gida. Aka ba mu 11. Da na ce, "Mushe, ina kuskurenmu?" sai ya ce ba mu yi amfani da kayan aiki ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta tattara amsoshin mutum sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kada Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya yi masa mugun kaye. Lissafinsu bai kuskure ba. Yawancin sunayen sun ɗebo su ne daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota, a zamanin da talaka ke neman abinci, kuma akasarin waɗanda aka aika wa takardar ba su ma amsa ba. George Gallup, da mutane kaɗan ƙwarai in aka gwada da nasu, ya faɗi wanda zai ci. Ƙofar makarantarmu ita ce littafin tarhon nan. Nan gida ma, da aka yi ƙidayar 2012 aka samu mu sama da miliyan 17, wahalar ba ta tarawa ba ce, ta isa kowane ƙauye da kowace ruga ce.

Na san wasu za su ce hassada ce ke damuna. Akwai ta kaɗan, ba zan ɓoye ba. Amma ban ce na'ura banza ce ba. Ka bi farashin tiyar hatsi kowane mako tun daga kaka har damina, ka zuba mata, cikin ƙiftawar ido ta nuna maka yadda ya hau da yadda ya warwatsu, aikin da zai ci maka dare da hannu. A nan matsakaici na da ma'ana. Kuma tun 1985 Casio ta fitar da irinta ta farko, ba wani abin al'ajabi ba ne da za a durƙusa mata. Yau GeoGebra na yin zanen nan kyauta cikin salula, salular da ake ƙwace mana in an gan ta a aji.

Abin da nake nema ga malamanmu ba shi da tsada. Rabin maki ya tafi ga tambayoyin da ba a dannawa: wa kuka tambaya, a ina, da wane harshe, mutum nawa suka ƙi amsawa? A ajiye na'ura ɗaya bisa teburin malam, kowane rukuni ya taɓa ta bayan ya kare takardar tambayoyinsa gaban aji. Ku kuma ƙannena da za a ba wannan aiki bana, ku je wajen masu ƙosai da sassafe. In rana ta ɗaga ba su da lokacin ɗan lakwal.