Hukuncin Mai Zaɓen Abinci a Kan Littafin Girkin Shahararru

Girki ya zama hanyar yin suna a Nijeriya. Tun bayan buɗe tashar Arewa24 a shekarar 2014, shirye-shiryen girki irin su Akushi da Rufi suka shiga gidajen Hausawa. A shekarar 2023 kuma Hilda Baci ta shiga kundin Guinness bayan ta shafe awa 93 da minti 11 tana girki a Legas. Wannan shahara ita ke sa a sayi littafin girki saboda hoton da ke bangonsa, tun ba a duba abin da ke ciki ba. Sai dai akwai alƙalin da suna ba ya ruɗinsa, wato mai zaɓen abinci.

A ɗauki misalin magidanci a Yelwan Yawuri ko a Wara ta ƙasar Ngaski, wanda ya tashi a bakin ruwa. Uwargida ta bi littafi sau da ƙafa ta yi masa farfesun kifi, ya kai loma ɗaya ya janye hannu. Mutanen gida za su ce tsantsami ne ko neman magana. Amma ruwa ba ya tsami banza. Littafin cewa ya yi "a sami kifi", alhali a wurin mutumin Yawuri babu wani abu wai shi kifi kawai. Akwai giwan ruwa mai kaurin tsoka, akwai karfasa da ta fi daɗi a suya, akwai tarwaɗa wadda sai an kashe yauƙinta da ruwan zafi, akwai ƙurungu mai ƙaya da taurin kai, akwai kuma warangi, ƙananan kifayen da ake shanyawa a rana. Kowanne da wutar da yake so da lokacin da yake nuna. Wadda ta auna girkinta da kifin ƙanƙara na birni ba ta rubuta wa waɗannan tukwane ba.

Haka abin yake a wajen awo da kayan haɗi. Littafin yana maganar giram, matar Shanga kuwa da ludayi da tafin hannu take awo, domin ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Littafin ya cika tukunya da dunƙule da kori, ya bar daddawa, ya kuma manta cewa kifin banda sai an jiƙa shi an wanke yashi da ɗacin hayaƙi kafin ya shiga miyar kuka.

Adalci shi ne a yarda cewa waɗannan littattafai suna da amfani. Sun koya wa matasa tsafta da tsari, sun kuma nuna cewa girki ilmi ne da ya cancanci a rubuta. Shi ma mai zaɓen abinci ba kullum yake da gaskiya ba, wani lokaci baƙon abu kawai yake gudu. Duk da haka, ƙorafinsa ya tono wani giɓi da ya shafi harshe kai tsaye. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, cikinsu har da Gungawa. Abin da suka tsira da shi, su da Sarkawa masunta, shi ne sanin ruwa da kifi, kuma a cikin kalmomi yake ajiye. Ranar da yarinya ta iya girkin littafi amma ta kasa bambance bargi da yauni, an yi asarar kalma da ilmin da ke cikinta.

A nan ne aiki ya hau kan malamin Hausa na gobe. Bayanin girki wani nau'in rubutun zube ne mai ba da umarni, wanda ke buƙatar suna daidai da aikatau daidai: tafasa daban, sulala daban, turarawa daban. Malami na iya tura ɗalibansa wurin iyaye mata da masu banda a kasuwar kifi ta Yawuri, su rubuto girki ɗaya da sunan kifinsa da ma'auninsa. Idan aka bi rubutun aka dafa, mai zaɓen abincin nan ya suɗe kwano, to ɗalibi ya ci jarrabawa.