Wa Ya Ba Ka Izinin Yin Gwaji Da Hankalinka?

Karatu: Markus 5:1-20



Akwai wani irin fim da ya cika wayoyin matasanmu a nan Wudil, tun daga ɗakunan ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote har zuwa shagunan da ake tura fina-finai a waya. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Wani masani ya gaji da iyakar da Allah ya sa wa ɗan Adam, sai ya kulle kansa a ɗakin gwaji, ya haɗiyi ƙwaya ko ya yi wa kansa allura, wai zai buɗe wata ƙofa a cikin ƙwaƙwalwarsa. Ƙofar ta buɗe, abin tsoro ya shigo.

A fim ɗin Altered States na 1980, malamin jami'a ne yake shan wani haɗi da ya samo a Meziko, ya kwanta cikin tankin ruwa mai duhu, har jikinsa ya fara rikiɗewa zuwa dabba. A Flatliners na 1990, wanda aka sake yi a 2017, ɗaliban likitanci ne suke tsayar da zuciyar junansu na 'yan mintoci sannan su farfaɗo da juna, don su leƙa abin da ke bayan mutuwa. A Limitless na 2011, wani marubuci da ya kasa komai ya sha ƙwaya ɗaya ya wayi gari gwanin kowane fanni. A Lucy na 2014, ƙwaya ta fashe a cikin wata budurwa, ta riƙa samun iko har ta zama kamar allahiya.

Ba ma cikin masu cewa duk wanda ya kalli fim ya ɓata, a ƙwace wayarsa a fasa. Fasa waya ba ya koya wa yaro rarrabe gaskiya da ƙarya, gobe zai ari ta abokinsa ya ƙarasa kallon. Rigimarmu da waɗannan fina-finai ita ce wa'azin da ke cikinsu, domin kowane fim yana wa'azi ko ba a ga bagade ba. Wa'azinsu shi ne: hankalin da Allah ya ba ka bai isa ba, akwai wani babban kai da aka kulle a cikinka, mabuɗin kuwa sinadari ne. Wannan ƙarya ce, kuma tana kashe 'ya'yanmu.

Mu fara da abin da masana suka sani. Fim ɗin Lucy ya ginu a kan zancen nan cewa mutum yana amfani da kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarsa ne kawai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da watsar da wannan zance. Na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun nuna kowane sashe yana da aikinsa, har lokacin barci. Shi ya sa idan jini ya toshe a wani ɗan ƙaramin wuri sai ka ga mutum ya kasa magana ko ɓarin jikinsa ya shanye. Da akwai kashi 90 da ke zaman banza, da ba mu ga haka ba. Babu wani ɗaki a kulle. Abin da ƙwaya take yi shi ne ta hargitsa ɗakunan da kake zaune a ciki.

Ƙaryar ma ba sabuwa ba ce. Ku koma Farawa sura 3. Maciji bai tallata wa Hauwa'u mugunta ba, buɗewar ido ya tallata mata, da zama kamar Allah. Idon kuwa ya buɗe, amma me suka gani? Tsiraicinsu. Suka gudu suka ɓuya. Wannan shi ne tallan farko a duniya, masu fim sun sa masa farar riga ta likita ne kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce, "Fasto, ai fim ne kawai, ƙirƙira ce." Da ma a ce haka ne. A 1953 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta soma wani shiri na ɓoye mai suna MKUltra, ƙarƙashin wani masanin sinadarai, Sidney Gottlieb. Burinsu su gano yadda za a juya tunanin mutum. Suka riƙa ba mutane ƙwayar LSD mai sa gane-gane, da yawa ba tare da saninsu ba: fursunoni, masu taɓin hankali, har da ma'aikatan gwamnati. An zuba wa wani masaninsu, Frank Olson, a cikin abin sha a watan Nuwamba 1953, bayan kwana 9 ya faɗo daga tagar otal a New York ya mutu. A Montreal ta Kanada, wani likita, Ewen Cameron, ya riƙa sa majinyata barcin ƙwaya na makonni, yana jona musu lantarki a kai, yana kunna musu magana ɗaya a kunne ba dare ba rana. Wasu sun fito sun manta da 'ya'yan da suka haifa. A 1973 aka ba da umarni a lalata takardun shirin, a 1975 majalisar dokokin Amurka ta tono shi. Bayan shekara 20 da kuɗi masu yawa, ba su fito da mutum ɗaya mai ikon da ya fi na 'yan Adam ba. Ragaggun mutane suka bari.

Mu mutanen Jihar Kano ba sai an ba mu labarin ƙetare ba kafin mu san zafin a yi gwaji da mutum. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ba muna cewa ku guji asibiti ko rigakafi ba, Luka mai bishara ma likita ne. Muna tuna muku ne yadda ranmu ya ɓaci da muka ji an taɓa 'ya'yanmu ba izini. To, ina wannan fushin yake yanzu da matasanmu suke yin gwajin da hannunsu, a jikinsu, da kuɗin aljihunsu?

Ga inda fim ɗin tsoron yake na gaskiya. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Kada mu yaudari kanmu cewa matsalar ta tsaya a bakin ƙofar majami'a. Kwalba ba ta tambayar takardar baftisma.

Ku saurari dalilan da ake bayarwa, ku gani ko ba wa'azin fim ɗin ba ne. Ɗalibi ya ce tiramadol zai buɗe masa kai ya kwana yana karatu. Mai aikin ƙarfi a kasuwar Juma'a ya ce zai yi aikin mutum uku bai gaji ba. Mai kiɗa ya ce sai ya ɗan sha sannan basira take zuwa. Budurwa ta ce kodin ne kaɗai ke kai ta inda damuwa ba ta binta. Amma ga abin da ke faruwa a jiki. Hanta tana juya kodin ya zama mofin, shi kuma yana rage numfashi, idan ya yi yawa mutum ya yi barcin da ba tashi. Tiramadol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225, kuma yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta jiya ba ta isa yau. A fim, jarumi yana tashi idan an gama ɗauka, ya wanke fuska ya karɓi kuɗinsa. Kai wa zai ce maka an gama ɗauka?

Wani kuma zai ce, "Ai fina-finan gargaɗi suke yi, ƙarshensu ba daɗi." Wasunsu haka ne. Ɗaliban Flatliners ba su tarar da wata hikima a can ba, laifofinsu na dā ne suka biyo su, wannan kuwa ya yi kusa da gaskiya: abin da ke damun mutum yana cikin lamirinsa, gafara yake bukata. Amma jarumin Limitless ya ƙare da kuɗi da suna yana takarar kujerar majalisa. Kuma ko da ƙarshen ya yi muni, ku faɗi gaskiya, me ya zauna a ranku bayan kallon? Minti 10 na hukunci, ko awa ɗaya da rabi na iko?

A 2018 BBC ta fitar da rahoton bincike a kan kodin, ta nuna wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi cikin Kano inda aka ɗaure matasa da sarƙa. Washegari gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk wanda ya ga waɗannan sarƙoƙi kuma ya san Littafi Mai Tsarki zai tuna da karatunmu na yau. Mutumin ƙasar Garasinawa yana zaune a makabarta, yana ihu, yana yanka jikinsa da duwatsu. Mutanen garinsu sun gwada sarƙa, ba ta riƙe shi ba. Ba muna cewa kowane mai shan ƙwaya aljanu ne a kansa ba. Abin lura shi ne yadda Yesu ya bar shi: a zaune, da sutura, hankalinsa ya dawo. Alamar aikin Ubangiji ke nan. Duniya tana tallan fita hayyaci, Almasihu yana mayar da mutum cikin hayyacinsa, sannan ya aike shi gida wurin danginsa.

Wannan ya shafi sujadarmu ma. Akwai masu auna zuwan Ruhu Mai Tsarki da yawan faɗuwa da gushewar hankali, har matashi ya koma gida yana ganin bai sadu da Allah ba tun da bai suma ba. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa, a sura 14 ta wasiƙarsa ta fari, su haɗa ruhu da hankali cikin addu'a da waƙa. A Galatiyawa 5 kuma ya lissafa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu. Wanda ya zo majami'a neman maye bai rabu da wa'azin fim ɗin ba, wurin sha kawai ya sauya.

To, me za mu yi? Idan za ka kalli irin wannan fim, ka kalla a farke, ka tambayi kanka me yake so ka yarda da shi game da mutum, da mutuwa, da Allah. Idan ka ga yana hana ka barci ko yana sa ka marmarin gwadawa, goge shi. Kada ka sha wata ƙwaya don karatu ko aiki sai da rubutun likita. Daniyel da abokansa sun ƙi abincin sarki da ruwan inabinsa a Babila, suka kuma fi sa'o'insu fahimi, domin Allah ne mai ba da shi. Idan kuwa ka riga ka shiga, kada kunya ta rufe maka baki. Ka faɗa wa fasto ko dattijon da ka amince da shi, za mu yi addu'a tare, mu kuma raka ka wurin likita, domin barin waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya yana da haɗari. Ku kuma sauran 'yan zumunta, wanda ya fito ya yi magana ba abin tsegumi ba ne, ɗan'uwa ne da ya dawo.

A 1 Korintiyawa sura 6 an tuna mana cewa jikinmu mazaunin Ruhu ne, kuma an biya tamaninmu da tsada. Abin da ba naka ba, ba ka da izinin yin gwaji da shi.

Addu'a: Ya Uba, kai ka halicci hankalinmu, mun gode. Ka tsare matasanmu daga ƙaryar da ke cewa abin da ka ba su bai isa ba. Waɗanda ke ɗaure, ka kwance su, ka mayar da su gida cikin hankalinsu. Cikin sunan Yesu, Amin.