Takardar Da Ke Ɗaure Hannun Yaron Shago

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Gwarzo da Kabo, makon nan maganarmu a kan wata takarda ce da ake miƙa wa mai neman aiki ya sa hannu. A cikinta akan rubuta cewa in ya bar aikin ba shi da ikon buɗe irin wannan sana'a, ko shiga wurin wani mai irinta, ko sayar wa mutanen da ya saba da su a shagon maigidansa.

Al'adarmu kowa ya san ta. Yaro ya yi wa maigida hidima shekara da shekaru, ran sallama a ba shi jari ko keken ɗinki, a sa masa albarka ya kama nasa. To, a ɗauki misalin tela da ya koyi aiki a Getso, ko yaron kemis a Garo. In an ce kada ya taɓa sana'arsa a duk ƙasar Gwarzo da Kabo, ina za shi? Gonar ubansa tana nan, iyalinsa suna nan. Watau an ce masa ya zaɓa, ko ƙaura zuwa birni ko zaman banza.

Jama'a, ku sani sa hannu kaɗai ba ya sa wannan sharaɗi ya ɗaure mutum. A shari'ar Nijeriya asalinsa ba ya aiki, sai maigida ya nuna wa alƙali cewa akwai abin da yake karewa na gaskiya, kamar sirrin ciniki, kuma sharaɗin bai wuce kima ba wajen lokaci da faɗin ƙasa. Haka Kotun Ƙoli ta bayyana a 1973 cikin ƙarar kamfanin Leventis Motors da manajansa na kayan gyaran mota. A can kotu ta tabbatar da hanin shekara 1, domin mutumin babban ma'aikaci ne da ya san cikin kamfani. Ina manaja, ina yaron da ke auna masara a tiya?

Sa'an nan dokar gasar ciniki da kare masu saye ta 2018, a sashe na 68, ta ce irin wannan hani kada ya wuce shekara 2. Wanda ya rubuta shekara 5, ko ya ce har abada, ya tsallake doka. Dokar ƙwadago kuma, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. Rigimar aiki kuwa ta kotun ma'aikata ta ƙasa ce, tana da reshe a Kano. Ba a warware ta da barazanar ɗan sanda.

Amma fa ba mu ce yaro ya ci amana ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya kwashe littafin bashin maigidansa, ko ya bi masu sayensa gida gida yana ɓata shi, ya yi laifi, kuma kotu ta fi saurin amincewa da hanin janye masu saye a kan hanin sana'a ɗungum. Sai dai in mai saye ya tako da ƙafarsa domin ya ga aiki mai kyau, wa ya saye shi balle a ce an sace?

Saboda haka ga shawararmu. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba a gaban shaidu, kuma ya karɓi tasa ya ajiye. Ya tambaya: wata nawa, daga ina zuwa ina, wace sana'a? Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin teloli, makanikai da masu kemis su zauna su tsara sharaɗi ɗaya na adalci, wanda zai kare amanar maigida, ya kuma faɗi ranar sallamar yaro da abin da za a ba shi.

Ku kuma iyayen gida, ku tuna yawancinku yaran wani ne jiya. Da an ɗaure ku da irin wannan takarda, da yau ba ku da rumfa a kasuwa.